Shafin Ɗan Farina a Littafin Kotu

An rufe ɗan farina kwana goma sha tara, aka sake shi, aka yi shekara goma sha ɗaya a kai, amma a cikin mazan gidanmu ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini abin da ya yi. Ban yafe wannan ba. Masu ce mini in yi haƙuri ai ya wuce, jin su kawai nake yi.

In za a raba laifi, ni ma a ba ni kasona, don ban tambaya ba. A wurinmu, can gefen Ruwan Bago, mace ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai wata ta ɗaga shi. Gidanmu noma da kiwo ake yi, a yi Filatanci a yi Hausa, kunyar ɓangaren biyu kuma ta taru a kaina. Ranar da aka yaye shi yayan mijina ya ɗauke shi ya kai wa matarsa riƙo. Katanga ɗaya ce tsakanin sashensu da namu. Ya tashi yana ce wa Yaya Baba, yana ce wa matar Yaya Inna, ni kuma Adda, kamar wata babbar yayarsa. Ni in zan ambace shi sai in ce "wancan", ko "na wajen Yaya".

Ranar da abin ya faru ina surfe. Kaka ce, dawa ta nuna ba a kai ga yanka ba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Kin ji 'yan sanda sun riƙe na wajen Yaya?" Na ce, "Allah ya kyauta," na ci gaba da surfena. Abin da ake so mace mai kunya ta yi ke nan, na kuma yi shi har aka yaba mini. Da na kai wa mijina tuwo, Allah ya ji ƙansa, na ɗan tsaya ko zai ce wani abu. Bai ɗago ba ya ce, "Maganar maza ce. Yaya yana kanta."

Kwana sha tara ina ƙirgawa da ƙwayar masara a cikin wani tsohon gwangwani. Ya dawo an aske masa kai ƙwal, wuyansa ya yi tsawo, hannunsa duk ƙuraje. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Adda, ina wuni."

"Lafiya. An dawo?"

"An dawo."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Bayan kwana biyu na ga dattawa sun taru a zauren Yaya, an shafa Fatiha, an raba goro. Aka ce an kashe magana.

Boko na yi shi ne bayan na fita takaba, na haura arba'in. Ana koya wa mata a firamaren ƙauyenmu bayan la'asar, a kan bencin da jikokin wasu suka tashi a kai. Mata da yawa sun yi wata biyu sun gudu, ni na yi shekara uku. Ban zama wata malama ba, amma ina karanta Hausa in ba a gaggauta ni ba, ina rubutawa, ina haɗa lamba. Abin da karatun ya fi ƙara mini shi ne rashin yarda. Sai da na iya na gane sau nawa aka riƙe takarda a gabana aka karanta mini abin da babu a ciki.

Bana wancan ya ga yarinya a Karaye. Ya haura talatin, yana kiwon turka yana kai wa kasuwar Rogo, ba ya shan komai, ba ya zaman banza. Ita kuma malamar makaranta ce, ba ƙaramar yarinya ba, ta san abin da take so. Ubanta ya daɗe yana yi wa wani dagaci malanta, yana rubuta masa takardu, kafin ya ajiye, irin mutanen nan da ko rasit ɗin taki ba sa yarwa. Da aka kai gaisuwa ya karɓa da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike, kamar yadda kowane uba ke yi. Ya turo mutum biyu suka zaga ƙauyenmu, suka zauna a majalisa, suka sha fura a kasuwa. Bayan mako guda saƙo ya zo: sun ji cewa mai neman ya taɓa zaman gidan yari, wasu ma sun ce satar shanu ce. Bai ce ya hana ba. Ya ce a kawo masa gaskiyar magana kafin wata ya mutu, don akwai wani mai neman da ya dakatar.

Satar shanu! A gidan makiyaya babu zagin da ya kai wannan.

Na yafa mayafi na zaga sashen Yaya, abin da ba na yi sai da dalili. Yana kan buzunsa yana gyaran igiya. Na durƙusa nesa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Yaya, maganar mutanen Karaye ce ta kawo ni."

"Na ji ta. Zan tura a gaya musu an kashe maganar tun tuni."

"Sun san an kashe. So suke su ji mece ce aka kashe."

Ya ɗago ya dube ni. "Yau kuma ke ce da maganar ɗan fari a bakinki? Kunyar fa?"

"Tana nan. Me ya yi?"

"Rigimar gona ce da shanu, irin wadda ake yi kowace kaka."

"To a kawo takardar kotu a nuna musu, ai shi ke nan."

"Takarda." Ya yi wata 'yar dariya. "To, Malama mai boko. Mu da Fatiha muka rufe, ba da biro ba. In ba su yarda da Fatiha ba su riƙe 'yarsu, mata ba su ƙare ba."

Ba maganar ce ta tsaya mini a rai ba, hannunsa ne. Igiyar da ya gama tufkawa ya shiga warwarewa bai sani ba. Mutumin da aka ce wa ɗan riƙonsa ɓarawo, kamata ya yi ya tashi tsaye yana faɗa. Shi kuwa so yake a fasa auren a huta.

Na gwada wancan. Ban iya kiransa ba, sai na tsaya ta bayan katanga lokacin da yake ba shanunsa dusa, na yi kamar da katangar nake.

"Mutum dai ya san abin da ya kai shi inda aka kai shi."

Yana zuba dusar ya ce, "Adda, don Allah ki bar maganar nan."

Daga nan na san ba a gida zan ji ba.

Na fara da caji ofis. Ban taɓa taka shi ba. Akwai wani mai igiya biyu a bayan kanta da ƙaton littafi a gabansa, wani kuma a gefe yana cin gyaɗa. Na ce ina neman labarin wani da aka taɓa riƙewa a nan.

"Yaushe?"

"Da kaka, shekarar da na yaye autata."

Mai gyaɗar ya ƙyalƙyale. "Mama, mu nan ba ma yaye, sai dai mu karɓi riƙo."

Na bar su suka gama dariyarsu. Sannan na kwance bakin zanena na fito da katin rigakafin autar, wanda ke da shekarar haihuwarta, na ce su ƙara biyu a kai. Na kantar ya karɓa ya duba, ya gyara zama.

"Ke mece ce tasa?"

"'Yar'uwarsa ce." Haka bakina ya faɗa da kansa, don abin da ya saba ke nan.

Ya ce littattafan wancan lokacin suna sito, in gara ta bar su. Waɗanda suka yi aikin kuma duk an yi musu canji, wani ma ya rasu. Na ce ni ba na sauri, zan zauna a buɗe siton. Ya dube ni ya ga da gaske nake, sai ya tambaye ni kwana nawa aka riƙe shi. Na ce sha tara.

"To ba a nan ya yi su ba. Mu kwana ɗaya ne, biyu. In ya kai haka, alƙali ne ya tura shi ajiya gidan yari. Ko kin je gidan yarin ma, ranar shiga da ranar fita kawai za su gaya miki. Dalilin yana kotu. Ki nemi rajistara."

Ban sani ba ko taimakona ya yi ko kora ta ya yi da dabara. Har yau ban yanke ba. Na dai tafi.

Kotun da ke kula da yankinmu gini ne mai ɗaki huɗu da baranda, da bishiyar darbejiya a gaba inda masu rubuta wa mutane takarda suke ajiye tebur. Tun kafin in ƙarasa ɗayansu ya taso. "Hajiya, rabon gado ne ko saki? Zo a rubuta miki." Na ce masa hannuna lafiya lau.

Rajistaran mutum ne siriri mai furfura a gemu, gilashinsa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Bayansa fayil ne jibge har kusa da rufi, an ɗaɗɗaure da tsumma. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Hajiya, ba kowa ake buɗe wa littafi ba."

"Ban je Makka ba tukuna, ranka ya daɗe. Wa ake buɗe wa?"

"Mai shari'ar, ko lauyansa, ko wanda ya nuna abin ya shafe shi. Ke fa?"

Na dubi masinjan da ke tsaye a ƙofa, na dubi ƙasa. Na ce, "Ni na haife shi." Ban taɓa faɗar haka a gaban namiji ba. Sai na ji kamar na fito ba ɗankwali.

"Sunansa?"

Nan kuma bakina ya ƙi. Na buɗe shi, ya ƙi. Shekara talatin da ɗoriya ban furta sunan nan ba, harshena bai san hanyarsa ba. Rajistaran ya riƙe biro yana jira. Sai na miƙa hannu na ce ya ara mini. Na rubuta a gefen wata tsohuwar ambulan, harafi ɗaya bayan ɗaya, da sunan ubansa, na tura masa. Ba wanda ya taɓa ce mini rubutawa ma rashin kunya ne, don waɗanda suka kafa dokar ba su zaci za mu iya ba.

Ya karanta, ya dube ni ta saman gilashi. "Ɗan fari ne?"

"Shi ne."

"Tsohuwata ma har ta rasu 'kai wannan' take ce mini."

Ya ce in rubuto buƙatata a takarda, a kai wa alƙali ya sa hannu. Na zauna a baranda na yage tsakiyar littafina na makaranta na rubuta. Ya ɗauke ni tun hantsi har aka kira azahar. Ya karɓa ya ce in dawo jibi.

Jibi na dawo, aka ce mai makullin sito ya tafi ta'aziyya. Na ce Allah ya ji ƙan musulmi. Ina fita masinjan ya biyo ni har gindin darbejiya, wani tsoho mai jar hula, ya rage murya.

"Baiwar Allah, jiya wani dattijo ya zo. Fari, mai sanda, da carbi baƙi. Yana tambaya ko wata mata ta zo neman tsohuwar shari'a."

"Me aka ce masa?"

"Rajistara ya ce shi bai san zancen ba. Amma sun daɗe a ciki."

Yaya ke nan. Ban gaya wa kowa inda nake zuwa ba, sai na tuna ɗan acaɓar da ya kawo ni ranar farko surukin maƙwabcinsa ne. Kuma wannan "sun daɗe a ciki" ya hana ni sakat. Me suka daɗe suna faɗa? Shi masinjan ma, don Allah ya gaya mini, ko aiko shi aka yi a ga ko zan tsorata? Hanya duk na bi ta ina auna kowa. Har tsohuwar rajistaran da ke ce masa "kai wannan" sai da na yi shakkar ko an taɓa yin ta.

Zuwa na uku ban hau babur ɗin kowa ba. Na ce asibiti za ni awon jini, na taka da ƙafa har bakin titi na shiga motar da ban san direbanta ba. Na isa kafin a buɗe ofis. Da rajistaran ya zo ya same ni zaune a dokin ƙofarsa.

"Yau mai makullin wa ya rasu masa?" na ce.

Bai ji haushi ba. Ya buɗe, ya shiga, ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin teburinsa, ba daga sito ba. Baƙi ne mai jan gindi, gefensa gara ta ɗan taɓa. Ya ce, "Tun shekaranjiya na ciro shi na ajiye a nan, don kada ya yi ƙafa. Alƙali ya sa hannu. In karanta miki?"

"A'a. Ni zan karanta."

Kafin in fara sai da na duba lambar shafi, na gaba da na baya, in ga ko an yage wani. Suna bin juna. Ya ga abin da nake yi, ya bar ni na gama.

Da Hausa aka rubuta, rubutun a kwance kamar iska ta bi ta kan gero. Na sa yatsa ina bi. Kalmar da ta gagare ni sai in tsallake in dawo mata. Abu na farko da na nema shi ne sata. Na bi shafin sama da ƙasa, babu ita, ko sau ɗaya. Bakin mutane ne ya ƙara wannan.

Ga abin da ke ciki. Mai ƙara wani manomi ne daga wani ƙauye a Fulatan, an rubuta sunansa da na ƙauyen. Shanu sun shiga masa dawa da hantsi. Ya zo korarsu, mai kiwon ya sauke masa sanda a ka, har sai da aka yi masa ɗinki. Ya bi sawun shanun aka gane na gidan Yaya ne. Da aka nemi mai kiwon, Yaya da kansa ya kai shi caji ofis.

Sai alƙali ya tambayi manomin ko wanda ke tsaye gabansa ne ya buge shi. Nan yatsana ya tsaya. Manomin ya ce shanun dai na gidansu ne, amma shi wanda ya buge shi dogo ne, fari, mai wushirya, wannan kuwa bai kai shi tsawo ba.

Wancan gajere ne, baƙi, irin jikin dangina. Dogo fari mai wushirya guda ɗaya ne a gidanmu: ɗan cikin Yaya, wanda a kakar nan yake jiran a kira shi aikin ɗamara, aikin da ba a ɗaukar wanda ya taɓa shiga hannu. An kuwa kira shi kafin a gama sussuka. Yana can kudu yanzu da iyalinsa, yana aiko wa ubansa shadda.

Kuma na tuna hantsin ranar. Ni da ake cewa ba na kallonsa, babu sa'ar da ban san inda yake ba. Yana kan rumbun Yaya yana gyaran jinka, ina hango ƙafarsa ta saman katanga ina surfe. Bai fita kiwo ba. Na san haka tun ranar, na haɗiye shi tare da sauran abin da na haɗiye.

Na ci gaba. Yaya ya ce wa alƙali jini ne ya rufe wa manomin ido, shi ya san wanda ya tura kiwo. Aka tambayi uban yaron. Sunan mijina ne a wurin, da dangwalen yatsansa a gefe, shuɗi, bai ko kwaɗe ba. Ya ce abin da yayansa ya faɗa haka ne. Sannan aka tambayi wanda ake ƙara. Kalma biyu aka rubuta masa: na amsa.

Na daɗe a kan dangwalen nan. Na san yatsan, akwai tsagar lauje a tsakiyarsa, ga ta nan ta fito fara a cikin tawadar.

Sauran kaɗan ne. An tura shi ajiya har a ga yadda raunin zai yi. A zama na biyu dattawa suka roƙi a ba su maganar su je gida su sasanta. Alƙali ya yarda, ya ba da beli, ya ce su dawo bayan mako biyu su shaida wa kotu yadda aka ƙare. Daga nan rabin shafin fari ne fat. Na juya baya, wata shari'ar ce ta wasu.

"Ina ƙarshen?" na ce.

"Babu. Ba su dawo ba." Ya cire gilashin yana gogewa. "Haka mutanenmu suke yi. In an shafa Fatiha a zaure, a wurinsu an gama. Ba mai tuna cewa littafi na nan buɗe yana jira. Ɗanki ba a ɗaure shi ba, ba a kuma wanke shi ba."

"In na ce a ba ni kwafi mai hatimi in kai wa surukai?"

"Za a ba ki. Za su ga ba sata ba ce. Za su kuma ga ya fasa wa mutum kai, ya amsa da bakinsa, shari'a ba ta ƙare ba. In ke ce uban yarinya, kya bayar?"

"Me zai rufe ta?"

"Mai ƙara, in yana da rai. Ya zo gaban alƙali da ƙafarsa ya faɗi abin da ya sani. Sauran na alƙali ne, ba zan yi miki alkawarin komai ba. Amma ki sani, in ya sake cewa ba wannan ba ne, za a tambayi to wane ne."

Na tambaye shi abin da dattijon nan ya zo nema. Ya mayar da gilashinsa ya ce, "Ya zo gaishe ni." Ban yarda ba, shi ma ya san ban yarda ba. Na fito da littafina na kwafe sunan manomin da ƙauyensa da maganar da ya yi, shi kuwa ya juya yana neman wani abu a cikin fayil ɗin bayansa har na gama.

La'asar sakaliya na iso gida. Yaya na zaune a bakin zaure shi kaɗai, ba a inda ya saba zama ba.

"Ya jikin? An auna jinin?"

"An auna, Yaya. Ya hau."

"Zauna."

Ban zauna ba, ban kuma durƙusa ba. Na ce, "Dogo, fari, mai wushirya."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya waiga ya ga ba kowa. "Duka biyun 'ya'yana ne. Ɗaya zai rasa aikin rayuwarsa, ɗaya zai rasa kwana biyu. Na auna, ubansa ya auna. Wa ya san zai kai sha tara?"

"Da kuka auna, ni a wane gefen kuka sa ni?"

"Ke a lokacin ko sunansa aka kira tashi kike yi."

Gaskiya ya faɗa, ita ta fi ƙona ni. Na ce, "To ku da kuka iya kiran sunan, me ya hana ku koma ku rufe littafin?"

"In an koma sai a sake tambayar manomin." Ya sassauta murya. "Ki saurare ni. In kika tayar da wannan, kakin ɗan'uwansa kika cire masa. Mai 'ya'ya huɗu. Gidan nan kuma ya rabe, ke za a ce. Ni na raine shi, ni na yi masa kaciya, ni zan yi masa aure. Akwai yarinya a Jajaye, ubanta abokina ne, ba zai tambayi komai ba."

"Ta Karayen yake so."

"Shi ya gaya miki?"

Na wuce shi kawai, don wancan bai gaya mini ba. Na zaga ta garke. Wancan na ɗaure wani bijimi a turke. Wannan karon ban tsaya bayan katanga ba, na je gabansa na tsaya har sai da ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na karanta," na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya tilasta ni, Adda. Baba ya ce kwana biyu ne. Shi ya ci da ni tun ban san kaina ba, in ce masa a'a?"

"Ban zo jin wannan ba. Yarinyar nan, kana son ta, ko a karɓo maka ta Jajaye?"

Uwa ba ta yi wa ɗan fari irin wannan tambayar. Ya ja igiyar ya sake, ya ja ya sake.

"In aka tayar, ɗan'uwana fa?"

"Shi ma yana da baki, shekara sha ɗaya bai buɗe ba. Kai nake tambaya."

Bijimin ya hura hanci. Can ƙasa-ƙasa, kamar mai gaya wa turken, ya ce, "Ita nake so."

Saura kwana tara wata ya mutu. Ban san ko manomin na da rai ba. In yana da rai, ban san ko zai yarda ya bar gonarsa ya bi wata baƙuwa kotu saboda tabon da ya riga ya warke ba, ko Yaya ya riga ni isa wurinsa.

Da gari ya waye na yi salla, na ɗaura zanen fita, na sa littafina a jaka da ƙullin goro na gaisuwa. Ban bi ta baya ba. Ta zauren Yaya na fita, yana zaune yana lazimi, na ce masa ina kwana, ya amsa, na ce Fulatan za ni. Na taka har bakin titi na tsayar da motar farko.